Maganar Manya a Allon Kowa: Me Ya Sa Ake Jingine Finafinai a Kano?

A watan Janairun 2022 wani gajeren talla ya karaɗe wayoyin mutanen Kano. Tallan wani fim ne mai suna Makaranta, na darakta Aminu Umar Mukhtar, wanda aka fi sani da Aminu Nasara, kuma a cikinsa an ji ana ambaton jima'i gatsau, ba sakaye, a labarin da aka gina kan 'yan makaranta. Kafin fim ɗin ya fito har an gama yi masa shari'a a majalisun hira da shafukan sada zumunta. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda Isma'ila Na'abba Afakallah ke shugabanta a lokacin, ta ce fim ɗin ya saɓa wa tarbiyya da al'ada, ta kuma bayyana cewa tana neman daraktan. Shi kuwa ya kare kansa da cewa faɗakarwa yake yi kan abubuwan da ke faruwa a gidaje da makarantu, har da kaciyar mata, cewa ba a Kano ya ɗauki fim ɗin ba, kuma ba Hausa kaɗai ake yi a ciki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan rigima shi ne duk ɓangarorin biyu sun yi magana ne a kan 'yan mintuna. Masu tsinuwa ba su ga labarin ba, talla suka gani. Masu karewa su ma ba su gan shi ba, niyyar darakta suka ji daga bakinsa. Tambayar da ta kamata a zauna a kanta, wato ko akwai hanyar da shirin Hausa zai taɓo balaga da fyaɗe da sirrin aure ba tare da ya zama batsa ba, kuma wa ya dace ya kalla, ta ɓace cikin hayaniya. Kowace shekara sai an sake irin wannan dambarwa da wani sabon fim, kuma kowane karo a wuri ɗaya ake tsayawa.

Tarihin abin ya fi Makaranta tsufa nesa ba kusa ba. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sana'ar fim a Kano take tafiya da ido a kanta. Bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar baki ɗaya na ɗan lokaci, sannan a 2001 aka kafa hukumar tacewa, wadda a asali sulhu ce: a bar 'yan fim su yi sana'arsu, amma a ga abin da suka yi kafin ya shiga kasuwa. A 2007, bayan wani bidiyo na sirri ya fita ya girgiza masana'antar, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka tsayar da ɗaukar finafinai na tsawon watanni, aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗinsa Tsintsiya, hukuncin da babbar kotu ta rushe daga baya. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin finafinai a Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai da jama'a sun yi ca a kai. Wannan ma jinginewa ce, sai dai ba fim ɗaya aka jingine ba, wurin da za a yi ɗaruruwa ne.

Da aka shiga zamanin finafinai masu dogon zango sai rigimar ta koma kansu. A 2020 hukumar ta umarci tashar Arewa24 ta dakatar da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi saboda wasu fitowa da aka ga namiji ya riƙe mace. A watan Satumban 2021 ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa tsohon ɗan fim ne da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa a 2023, an soke lasisin kowa aka ce a sake rajista, an hana nuna daba da daudu, sannan a watan Mayun 2025 aka dakatar da shirye-shirye 22 a rana ɗaya, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Garwashi da Gidan Sarauta da Jamilun Jidda. Wannan na ƙarshe ya kamata a ware shi daban, domin laifin da aka ambata ba batsa ba ne, rashin kawo shiri a tace kafin a sake shi ne, kuma shirye-shiryen sun ci gaba daga baya. Mutane kan haɗa waɗannan duka su kira su abu ɗaya, alhali iri uku ne: akwai wanda aka tsayar don takarda, akwai wanda aka tsayar don wata fitowa guda, akwai kuma wanda aka tsayar don jigon labarinsa gaba ɗaya. Na ukun nan shi ne mai wuyar sha'ani.

Akwai kuma na huɗu wanda ba ya fitowa a jarida, kuma a ganina ya fi sauran yawa: labarin da marubuci ya rubuta, furodusa ya karanta ya yaba, sannan ya ce a ajiye. Ba sai hukuma ta aiko takarda ba. Wanda zai zuba miliyoyin naira a kyamara da masauki da abincin ma'aikata da sallamar jarumai, ya san takarda ɗaya na iya mayar da kuɗinsa toka, don haka tun kafin a fita ɗauka yake gudun duk abin da zai ja magana. Shi ya sa za ka ga zango bayan zango ana jujjuya kishi da gado da soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Ba wai marubutan ba su san sauran abin da ke damun gari ba ne, sun san wane labari ne zai kai su gida lafiya.

Dalilin da ya sa abin ya fi zafi a yanzu yana cikin yadda kuɗin fim ke shigowa. A zamanin kaset da faifai, fim yana da mashiga ɗaya: 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata. Idan dillali ya ƙi karɓar fim don babu shaidar tacewa, fim ya mutu, kuma hukuma ba ta buƙatar bin gida-gida, rumfuna kawai za ta zagaya. Satar fasaha da masu tura finafinai a waya suka kashe wannan kasuwa, sana'ar ta yi doguwar suma, har Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka nuna a 2020 cewa ana iya rayuwa da YouTube da tallace-tallacen kamfanoni. Amma sabon ubangidan yana da nasa sharaɗi: yawan masu kallo. Wanda ya fi tara ido shi ya fi samu, kuma babu abin da ke tara ido da sauri kamar abin kunya. Don haka mai yanka talla yakan bi fim ɗin ya tsinto wurin da ya fi tayar da hankali, ya cire abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya, ya jefa a TikTok. Wani lokaci fim mai mutunci ne tallansa ke ci masa mutunci. Ga kuma yadda ake aikin: shiri mai fita kowane mako, sau da yawa ana haska kashi na biyar ana tace na shida a kwamfuta, na bakwai kuma ba a ma ɗauka ba. Tsarin tacewar da aka gina don fim mai kashi ɗaya da biyu bai san yadda zai yi da wannan gudu ba.

Su ma iyayen da ke kuka suna da gaskiyarsu, kuma ba na cikin masu yi musu kallon 'yan baya. A zamanin CTV da NTA, lokacin Samanja da Karambana da Kuliya Manta Sabo, talabijin ɗaya ce a tsakar gida ko a zaure, uba da uwa da kaka da jika duk suna gabanta, kuma masu shirin sun san haka. Kunyar da ke tsakanin ɗa da mahaifi, ko suruki da surukarsa, ita ce ma'aunin abin da za a faɗa. Har yau a gidaje da yawa haka ake kallon Daɗin Kowa. Uban da kalma ta faɗo daga allo a gaban 'yarsa budurwa har ya rasa inda zai sa idonsa, an shiga haƙƙinsa a cikin gidansa, kuma idan ya nemi hukuma ta tsaya masa bai yi laifi ba.

Inda na rabu da masu cewa a rufe baki ɗungurungum shi ne da'awar cewa Bahaushe ba ya maganar waɗannan abubuwa. Yana yi, kuma wanda ke shakka ya shiga Kasuwar Kurmi. Kasuwar nan da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, a gefen Jakara, a tsakiyar birni, ta fi shekara ɗari biyar tana sayar wa Kanawa da fatake abin da rayuwa ke buƙata, na fili da na ɓoye. Ka bi lungunanta ka wuce dukawa da 'yan koli da masu turare, ka isa wurin masu littattafai. A nan za ka tarar da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, da Ibada da Hukunci na Alhaji Haliru Binji ga mai son karatu da Hausa. Waɗannan su ne littattafan da kakanninmu suka yi karatun zaure da su, su ne kuma ake biya wa yara a makarantun Islamiyya. A cikinsu akwai babin janaba da abin da ke wajabta wanka, akwai haila da jinin biƙi, akwai alamomin balaga, a manyansu kuma akwai aure da saki da idda da aibobin da ke sa a raba ma'aurata. Malam yana fassara wa ɗalibi kalma bayan kalma, ba ya tsallake layi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan batsa, kuma malamanmu kan kafa hujja da yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Madina, cewa kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba.

Ka ƙara gaba kaɗan zuwa wurin masu saiwoyi da sassaƙe. A nan ake sayar da maganin basir da na sanyi, a nan kuma ake sayar da kayan mata da maganin ƙarfin maza, kuma kowa ya san da haka. Amma ka lura da yadda cinikin ke gudana. Dattijuwa za ta tsaya ta ce, “Malam, 'yarmu za mu kai ɗaki,” shi kuma ya ce, “Hajiya, Allah ya sa alheri,” ya juya ya haɗo abin da ya san ana nufi. Idan yaro aka aiko, a ƙulle za a ba shi saƙon, ba tare da bayani ba. Idan magidanci ne ya zo da matsalarsa, za a ja shi gefe a sassauta murya. Ba a ɓoye hajar ba, ba a kuma shelanta ta ba. Mai rumfa yana duban wanda ke gabansa, shekarunsa da matsayinsa, sannan ya auna abin da zai faɗa da yadda zai faɗe shi. Haka abin yake a cikin gida: gwaggo da inna da kaka su ne ke zaunar da amarya, ba uba ba. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru a ƙarni na 19, malamai mata da ake kira jaji suna kai wa mata karatu har ƙauyukansu, domin akwai tambayar da mace ba za ta yi a gaban maza ba.

Wannan tsari shi ne allo ya rasa. Al'adarmu ba ta raba magana gida biyu, ta halas da ta haram, ta tsaya nan ba. Ta tambayi wa ke faɗa, wa ke ji, a ina, da wace murya. Talabijin da waya kuwa ba su ganin fuskar wanda ke gabansu, abin da suka faɗa wa kaka shi za su faɗa wa jika. Hukumar tacewa, maimakon ta nemi hanyar mayar wa allo wannan hankali na mai rumfa, sai ta zauna da ƙofa uku kacal: ko fim ya dace da kowa har ɗan shekara bakwai, ko ya sha almakashi, ko ya zauna a kwamfutar mai shi. Ma'anar haka ita ce duk wani labarin Hausa dole a rubuta shi daidai kunnen yaro, alhali masu kallon da yawansu iyaye ne, kuma matsalolin da ke cin su ba na yara ba ne.

Su ma 'yan fim ba zan wanke su ba, domin da yawansu sun ɗauki rabin darasin Kurmi sun bar rabi. Sun ga cewa ana maganar, ba su ga ladabin da ake yin ta da shi ba. Kalmar faɗakarwa ta zama rigar da kowa ke yafawa idan an kama shi. A nuna baɗala kashi goma sha biyu ana ƙawata ta da kiɗa da kwalliya, sannan a kashi na ƙarshe a sa mai laifin ya yi hatsarin mota ko ya haukace, a ce an yi wa'azi. Mai kallo ba yaro ba ne, ya san abin da aka sayar masa. Bambancin da ke tsakanin fim mai magana a kan fyaɗe da fim mai cin kasuwa da fyaɗe a bayyane yake ga duk mai gaskiya: ina kyamara ta tsaya, wa aka ba baki, zafin wa aka sa mu ji. Ana iya nuna rushewar yarinyar da malaminta ya ci amanarta ba tare da an nuna ko gefen mayafinta ba. Fuskar uwarta a layin asibiti ta isa, da shirun ubanta a zaure lokacin da dangi ke cewa a rufa asiri. Marubutanmu mata sun daɗe da sanin wannan. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? ta taɓo auren dole da wulaƙancin miji da cire yarinya daga makaranta, ta sha suka a lokacin, amma yau ana nazarin littattafanta a jami'o'i. Waɗannan littattafai na adabin kasuwar Kano su ma sun ga tasu ƙaddarar, har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano a 2007, kuma hakan bai hana 'yan mata karatu ba, sai dai ya mayar da rubutun cikin waya, inda yanzu ake sayar da wanda ya fi na da muni nesa ba kusa ba, ba mai tacewa.

A nan ne hanin ke cin kansa. Ikon hukumar Kano a iyakar Kano ya tsaya. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba tarayya da jihohi duka hurumin tace finafinai, shi ya sa akwai hukumar tacewa ta ƙasa da aka kafa a 1993 ga kuma ta jiha, amma kula da tashoshin watsa shirye-shirye aikin hukumar NBC ne ta tarayya, YouTube kuwa ba ya neman izinin kowa a cikinsu. Wanda aka hana a Kano yana iya ɗaukar kayansa ya tafi Kaduna ko Jos ko Abuja, ya ɗauka a can, ya ɗora a intanet, yaron Ƙofar Mata ya kalla a daren da aka saka. Amsar da daraktan Makaranta ya bayar ke nan, cewa ba a Kano ya yi ba. Saboda haka wanda takunkumi ke kamawa da gaske shi ne mai ofis da rajista da suna, wanda ke son zama lafiya da hukuma, wato wanda ya fi yiwuwa ya yi aikin da hankali. Wanda ba shi da abin asara ya wuce abinsa. Sakamakon shi ne batutuwa masu nauyi suna faɗawa hannun waɗanda suka fi kowa rashin iya ɗaukarsu.

Kuma batutuwan ba su tafi ko'ina ba don an hana nuna su. Watanni kaɗan bayan hana finafinan garkuwa da mutane, a cikin watan da ake rigimar Makaranta, Kano ta wayi gari da labarin Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe. Ba ina cewa fim zai cece ta ba ne. Ina cewa ne abin da iyaye suka fi buƙatar a tattauna a lokacin, wato yadda cuta ke zuwa daga hannun wanda aka amince wa, yana cikin jerin abin da aka ce kada a taɓa. Haka cibiyar masu yoyon fitsari da ke Asibitin Murtala take karɓar mata shekara da shekaru, haka kotunan jihar ke sauraron ƙararrakin fyaɗe, haka Hisbah ke sasanta auren da ya mutu saboda abin da miji da mata suka kasa faɗa wa juna. Likita ya sani, alƙali ya sani, malamin unguwa ya sani. Allo ne kaɗai aka ce ya yi kamar bai ji ba, shi da ya fi su duka shiga gidaje.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan tsaka mai wuya ba. A Amurka, daga 1934, kamfanonin fim sun yi aiki da wata doguwar ƙa'ida da ta hana nuna abubuwa da dama ga kowa da kowa, har ta gagara riƙewa, aka maye gurbinta a 1968 da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. A Ingila tashoshi ba sa saka shirin manya sai bayan ƙarfe tara na dare. Ba ina kawo su don mu kwaikwayi abin da suke nunawa ba, ma'auninsu daban namu daban. Misalin da ya fi kusa da mu na Pakistan ne, ƙasar Musulmi mai kunya irin tamu. A 2016 tashar Hum ta haska wani shiri mai suna Udaari kan lalata da ƙananan yara a cikin gida. Hukumar kula da tashoshi ta ƙasar ta aika mata takardar neman bahasi bayan ƙorafin masu kallo, amma jama'a da yawa suka tsaya wa shirin, aka bar shi ya kai ƙarshe, ya kuma buɗe bakin mutane kan abin da a da ake binnewa. A Turkiyya kuwa, a 2020, Netflix ta fasa ɗaukar wani shiri gaba ɗaya bayan hukumomi sun ƙi ba da izini saboda wani ɗan luwaɗi da ke cikin labarin. Wato kowace al'umma tana da layin da ba ta yarda a tsallaka ba, kuma Kano na da haƙƙin ja nata. Abin nema shi ne a ja shi a inda kowa zai gani tun kafin ya zuba kuɗinsa, kuma a bambanta abin da aka ƙi don ana tallata shi da abin da aka ƙi don kawai ba a son jin sunansa.

Gyaran da nake gani ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Na farko, a mayar da nauyin tacewa kan rubutu. Idan an karanta labari tun yana takarda, gyara ba ya cin komai sai tawada, kuma marubuci zai iya zama da masu tacewa a yi muhawara kan fitowa guda har a samu yadda za a faɗi abin cikin sakaye. Jingine shiri bayan an gama ɗauka hukunci ne a kan mutum hamsin ko fiye, daga mai riƙe fitila zuwa mai dafa abinci, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sannan teburin da ke karanta irin waɗannan labarai ya kamata a ga malamin fiƙihu a kansa, a ga likitar mata, a ga malamar makarantar 'yan mata, a ga marubuciya. Mafi yawan labaran da ake jin tsoro labaran mata ne, kuma ba daidai ba ne a yanke musu hukunci ba tare da muryar mace mai ilmin abin ba. Idan an ƙi fim, a rubuta dalili, a faɗi fitowar da minti, a ba mai shi hanyar ɗaukaka ƙara. Hukuncin da ya dogara da wanda ke kan kujera a bana, ko da yawan ihun da aka yi a Facebook jiya, ba ya koya wa kowa komai. Talla kuma a tace shi da tsanani fiye da fim ɗin kansa, domin shi ne ke zuwa wa mutum ba tare da ya nema ba.

Na biyu shi ne matakin shekaru. Hukumar tacewa ta ƙasa tana da shi tuntuni, da alamomin 12 da 15 da 18, amma a finafinan Hausa kusan ba wanda ke kula da shi, mai yi da mai kallo. Kano za ta iya tsara nata da Hausa, bisa ma'auninta: na kowa da kowa, na matasa tare da iyaye, na ma'aurata da manya. Ko a mataki na ƙarshe ba za a ga tsiraici ko rungume-rungume ba, domin wannan layin addini ne ba na shekaru ba. Abin da zai bambanta shi shi ne nauyin batu. Tashoshi su ajiye irinsa sai dare ya yi, masu ɗorawa a YouTube kuma a wajabta musu kunna takunkumin shekaru da manhajar ta tanada, ko da hakan zai rage musu kuɗin talla.

Na san abin da za a ce: yaron da ke da waya a ƙarƙashin bargo ba ya karanta alama. Gaskiya ne, alama ba ta tsare kowa ɗari bisa ɗari. Amma yaron nan a yau ma yana ganin abin da ya fi wannan muni daga ƙasashen da ba su san da zaman wata hukuma a Kano ba, kuma hana Bahaushe yin nasa bai rage masa ko ɗaya ba. Abin da alama ke yi shi ne ta ba uwa da uba abin riƙewa, su san wanne za a kalla tare a tsakar gida, wanne za su kalla su biyu bayan yara sun kwanta, wanne kuma uwa za ta zaunar da 'yarta mai shekara goma sha biyar su gani tare don ta samu bakin fara maganar da ta daɗe tana neman hanyarta. A halin da ake ciki duk finafinan Hausa da hatimi ɗaya suke fitowa, kuma iyaye ba su da hanyar sanin abin da ke ciki sai sun gani da idonsu, lokacin da yaran ma sun riga sun gani.